Tsiro Uku a Kwalba Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana yanka nama, bai taɓa kai ko tsoka ɗaya gida ba. Ƙanwarsa ce ta fara kiransa Sarkin Fawa don tsokana, sunan ya bi shi har wurin aiki ya zauna masa daram. Naman da yake yankawa na mutane ne. Duk abin da likita ya gutsuro daga jikin majiyyaci yana son sanin ko mugu ne, a kwalba ake jefa shi cikin ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, a sauko da shi ɗakin gwajin da ke ƙarshen baranda, bayan wurin wanki, inda taga ɗaya ce kuma ba ta buɗuwa. Nan teburinsa yake.

Aikin ba mai ɗaukar ido ba ne. Zai ciro naman da hantsaki, ya auna da rula, ya sa a ɗan akwatin roba mai lamba, ya bar shi ya kwana a inji, da safe ya binne shi cikin narkakken kaki. In kakin ya daskare sai ya ɗora a injin yanka, ya riƙa fitar da shi sala-sala, siraran da suka fi ɓawon albasa, ya shimfiɗa a gilashi, ya rina, ya kai wa likitar madubi. Ita ke dubawa a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ta faɗi abin da ta gani. Sunanta ne ke fita a takarda. Nasa bai taɓa fita ba, bai kuma taɓa nema ba.

Da wankin gilashi ya fara, yana ɗan shekara ashirin da biyu, shekarar da mahaifinsu ya rasu ya bar masa uwa da ƙanne huɗu. Auta tana 'yar shekara goma sha biyu a lokacin. Shi ya kai ta koyon ɗinki, shi ya ɗauko mata kekenta na farko a ka tun daga bakin titi. Fomalin ya kashe masa hanci tun kafin furfura ta fito masa, har matarsa kan ce ko gidan ne ya kama da wuta sai dai ya ji a bakin maƙwabta. Gwiwoyinsa kuwa tsayuwa ce ta cinye su. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya ganin girman mai yawanta. Abin da ya fi faɗa, a gida da wurin aiki, shi ne baki ba ya ɗinka riga.

Ƙa'idoji biyu ya kafa wa kansa, ba wanda ya sa shi. Ta farko, ba ya sa wuƙa a jikin nama sai ya zana shi a littafinsa da fensir, ya rubuta tsawo da faɗi da duk wata alama, domin in an yanka an yanka, siffar ba ta dawowa. Littattafan sun cika kwali uku a ƙarƙashin tebur, abokan aiki suna masa dariya wai tsoho ya rasa abin yi. Ta biyu, ba ya karanta suna. In takarda ta zo sai ya danne sunan da babban yatsa, ya ɗauki lamba kawai. Yana sabon shiga ya taɓa ganin sunan wani maƙwabcinsu, hannunsa ya ɗauki rawa ya lalata naman, ya yi wata guda yana canza hanya don kada su haɗu. Tun daga ranar ya ce lamba ta ishe shi. Lamba ba ta da 'ya'ya, ba ta gaishe ka da safe.

Sai kuma yaƙinsa, wanda duk asibitin suka san shi da shi. A hawa na biyu akwai likitan kyamara, wanda ke zura doguwar roba mai ido ta ƙasan mutum ya leƙa babban hanji. In ya ga tsiro, irin ɗan naman nan da ke ɓullowa a bangon hanji, wanda in an bar shi shekaru yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji, sai ya zarga masa waya ya tsinke shi. Likitan gwani ne, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma mai sauri ne, kuma in ya tsinko tsiro biyu ko uku daga mutum ɗaya sai ya sa a zuba su a kwalba guda. Sarkin Fawa ya ce ba haka ake yi ba. Kowane tsiro da kwalbarsa, a rubuta a jiki daga wane gefen hanji ya fito. Babban hanji ya kusa tsayin mutum, in ɗaya ya fito mugu ina za a koma a nema?

Ya faɗa da baki. Ya rubuta takarda har huɗu. An kira taro, aka ba shi kujera da ruwan sanyi, likitan kyamara ya miƙe ya ce sun gode da wannan shawara mai muhimmanci, aka tafa. Washegari kwalba ta sauko da tsiro biyu a ciki. Daga nan ya daina rubutu, ya koma ɗaukar kwalbar da kansa ya hau matakala arba'in da huɗu ya dire ta a gaban nas, ya tsaya ƙiƙam har sai an tuno wanne ya fito daga ina. Shekara biyu yana wannan hawa da sauka. Ladan da ya samu takardar gargaɗi ce daga ofis, wai yana jinkirta sakamako, yana kuma raina likitoci a gaban majiyyata.

A satin da aka ba shi takardar, ranar Talata, kwalba ta sauko mai lamba 4417. Ya ɗaga ta a haske, ya ga uku suna yawo a ciki. Ya dubi ƙofa, ya tuna matakala, ya tuna takardar da ke aljihunsa. Ya ce a ransa, ku ta shafa. Ya danne sunan da yatsa ya sa hannu. Abin da hannunsa ya saba ne kawai bai bari ba, ya zana kowanne, ya ba kowanne akwatinsa, ɗaya, biyu, uku.

Bayan kwana huɗu likitar madubi ta leƙo. Dattijuwa ce, shekara goma sha tara suna aiki tare, ba ta ɓata magana ita ma.

"Sarki, na biyun nan bai kwanta min ba. Yanko min masu kauri a auna kuromosom."

Ba sai an yi masa bayani ba. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da wasu zarurruka da ake kira kuromosom, guda arba'in da shida, rabi daga uwa rabi daga uba. In ƙwaya za ta rabu biyu, daidai wa daida take raba su. Wadda ta fara lalacewa kuwa rabon zalunci take yi, wannan ta tafi da sittin, waccan da saba'in da wani abu. Tsiron da ƙwayoyinsa suka kai haka bai zama daji ba tukuna, amma ya ɗaura ɗamara ya kama hanya. Injin da ke aunawa takarda yake fitarwa mai zanen tudu. Nama mai lafiya tudu ɗaya yake bayarwa. Na biyun 4417 ya ba da biyu, tudu na biyun ma ya fi na farkon tsayi. Likitar ta ƙara da cewa miyagun ƙwayoyin sun kai har bakin inda waya ta yanka, wato akwai saura a jikin mai shi, kuma ba ta san zurfinsa ba.

"Daga wane gefe ya fito?" in ji ta.

"Kwalba ɗaya suka zo."

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta juya ta koma ɗakinta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ranar Asabar ta sati na uku ya ɗauki wando ya nufi shagon Auta. Shagon ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti, keke biyu ne a ciki da benci ɗaya, ƙyallaye ko'ina a ƙasa. Ya same ta da tef a wuya, allura a baki.

"Sarkin Fawa, yau ma hannu rabbana? Ko ƙashi babu?"

"Wandon nan za ki rage min. Ya yi min yawa."

"Ba wandon ne ya yi yawa ba, kai ne ka ƙare. Zan je in tambayi matarka ko ta daina dafa maka ne."

Ta karɓi wandon ta ajiye, ba ta auna shi ba. Ta jawo aljihun keke ta fito da wata takarda da ta sha ninki.

"Yaya, karanta min wannan. Likita ya yi min bayani da manyan kalmomin da ko shi ban ce ya gane su ba."

Ya buɗe. Yatsansa ya tafi kan sunan da kansa kamar kullum, idonsa ya sauka a kan lamba, 4417. Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ɗage yatsan.

"Yaushe aka yi miki wannan?"

"An kusa sati uku. Jini nake gani tun bara."

"A asibitinmu. Kina hawa na biyu, ina ƙasa ina wanke wuƙa."

"To me zan ce maka? Yaya, taso ka raka ni za a zura min kyamara ta ƙasa? Kai ma ka san bakina ba zai iya ba. Mijina ma da ƙyar na gaya masa."

Ta ce likitan fiɗa ya sa mata rana, Alhamis ta sama. Ya ce ba daji ba ne tukuna, amma dole a cire wurin da mugun tsiron ya fito. Sai dai wuraren uku ne, ɗaya can, ɗaya nan, ɗaya a tsakani, kuma ba wanda ya san wanne ne. Don haka kusan duk babban hanjin zai ɗebe, ya haɗa abin da ya rage. Za ta rayu, in ji shi, amma ta shirya zuwa bayi sau shida ko bakwai a rana, watakila har ƙarshen rayuwarta.

"Shagon nan ko bayi babu, Yaya. Sai na tsallaka titi na roƙi masu gidan mai. Sau bakwai. In bar kayan mutane a kan keke ina gudu kamar mai tsere."

Ransa ya ɓaci. Da likitan kyamara yana kusa, da a ranar an kori Sarkin Fawa daga aiki da dalili mai kyau. Amma ba haushin likitan kaɗai yake ji ba, har da na kansa.

"Ni na karɓi kwalbar," ya ce.

"Wace kwalba?"

Ya gaya mata, bai rage komai ba, har da matakala da takardar gargaɗi da yatsan da ya danne sunanta. Ta cire allurar daga baki ta soke a jikin rigarta.

"Wato kamar mutum uku su kawo min yadi iri ɗaya, in yanka in zuba a buhu guda ban sa alama ba."

"Haka ne."

"Ni da na yi haka da tuni an rufe min shago." Ta juya tayar keken da hannu a banza. "Shekara nawa kana cika mana kunne baki ba ya ɗinka riga? To ga yadi, ga allura. Kada ka ba ni haƙuri, ban da inda zan sa shi."

Ya tafi ya bar wandon.

Ranar Litinin tun kafin mai shara ta gama ya jawo littafin. Ga su nan a shafi ɗaya, da fensirinsa. Na farko mai dogon wuya da kai kamar laima. Na uku kewayayye, sumul, kamar wake. Na biyu shimfiɗaɗɗe, milimita goma sha huɗu, da tsaga a tsakiya, a gefe ya rubuta, kamar ƙwallon dabino. Ya nemo rahoton likitan kyamara. Layi ɗaya ne, an ga tsiro uku, an cire. Ya yi tsaki har mai sharar ta waiwayo.

Ya hau matakala. Nas ɗin ɗakin kyamara ta gan shi ba kwalba a hannu, ta san ba lafiya ba. Ya tambaye ta ko injin yana ajiye hoto.

"Yana ajiyewa, Baba, har sai cikinsa ya cika ya fara goge na baya. Amma likita ne kaɗai ke da izinin a buga."

Ya faɗa mata lambar da ranar.

"Na tuna ta. Mai ɗinki, wadda ta ce min aljihun rigata a karkace yake. Wallahi kwalba uku na jera ranar. Likita ya ce in bari, mutum tara ke jira a waje." Ta leƙa baranda. "Ka dawo lokacin da ya fita shan shayi. Ni ban gan ka ba, kai ma ba ka gan ni ba."

Hoto goma sha ɗaya suka rage na ranar, saura kaɗan injin ya haɗiye su. Ya baje su a teburinsa kusa da littafin. A na bakwai ya gan shi, kwance a jikin jan bango mai sheƙi, da tsagarsa a tsakiya kamar an ja da farce. Ba shakka shi ne. Sai dai a nan iliminsa ya tsaya. Shi hanji a tebur ya san shi, a buɗe a shimfiɗe. Ta ciki kuwa duk rami ɗaya ne a idonsa. Mutum ɗaya ne a ginin nan zai kalli hoton ya ce nan wuri kaza ne, ya kuma sa hannu likitan fiɗa ya yarda. Ya zauna yana kallon bango, yana jin haushin yadda duniya take, wanda ya ɓata maka shi ne kuma za ka je ka tsaya a ƙofarsa.

Awa biyu ya yi a benci cikin majiyyata masu riƙe da ciki, kafin likitan ya fito yana goge hannu. Ya bi shi har ofis bai jira an ce ya shigo ba.

"Baba, in kwalba ce ka dawo da ita, ajiye wa sista."

"Ba kwalba ba ce. Kwalbar na riga na karɓa."

Ya buɗe littafin a kan tebur, ya jera hotunan.

"Wa ya ba ka waɗannan?"

"Injin."

"Ka san wannan laifi ne babba?"

"Ka sa a rubuto min wata takardar. Ta farkon tana jin kaɗaici a aljihuna."

Likitan ya ajiye tawul. "Ka san mutum nawa nake dubawa a rana? Goma sha takwas. Ni kaɗai, da inji ɗaya. Kai kana ƙasa a zaune da fensir kana zane, ba ka san abin da ke bakin ƙofata ba."

"Na san shi, yanzu na tashi daga cikinsu. Buɗe kwalba uku da rubutu a jikinsu minti biyu ne, likita. Na auna da agogo. Minti biyun nan ne za a cire wa mace hanji ranar Alhamis a kansu."

"In kwalbar ba daidai take ba, me ya sa ka sa hannu? Ga sa hannunka nan a takarda. Kai ne mai tsaron ƙofar, ka buɗe."

Nan ya taɓa inda ke ciwo. Sarkin Fawa ya riƙe bakin tebur.

"Na gaji ne, na sa. Ba zan ce ban yi ba. Ni da kai muka yi wannan aika-aikar, kai a sama ni a ƙasa. Ga rabina na gyara na kawo. Ban zo ka ce ka yi kuskure ba, ban zo ka gode min da shawara mai muhimmanci ba, na ƙoshi da wannan. Ka dubi hoto na bakwai ka gaya min ina ne."

"Wace ce ita a wurinka?"

"Da ba kowa ba ce fa, sai a yanke?"

Likitan ya kau da kai.

"Ƙanwata ce. Amma ba don wannan za ka duba ba."

Likitan ya jawo hoton da yatsa ɗaya kamar mai taɓa abu mai zafi. Ya dubi zanen, ya dubi hoton. Ya jawo na shida da na takwas ya jera. Fuskarsa ta canza, ta koma ta mai aiki.

"Ka ga bangon nan mai kusurwa uku? Hanjin tsakiya ne kaɗai ke yin haka, wanda ya gitta saman ciki. Ga kuma inuwar hanta a na shida, shuɗi-shuɗi. Ya ɗan wuce kwanar dama kenan, bai fi faɗin tafin hannu ba." Ya ɗauki biro ya rubuta, ya sa hannu, ya tura masa takardar ba tare da ya ɗago ba. "Zanen fensir ba hujja ba ne. In aka yanka ba a samu ba, a wuyanka."

"Wuyana ya saba."

Likitar madubi ta ƙara nata sa hannun, ta hau da kanta ta sami likitan fiɗa. Ya yarda da sharaɗi. Zai cire guntun da aka nuna kawai. In aka sami tabon da sauran tsiron a ciki, shi ke nan. In ba a samu ba, za a sake kwantar da ita a buɗe ta karo na biyu a ɗebe sauran. Auta ta ji sharaɗin, ta dubi yayanta, ta ce a yi.

Ranar Alhamis ƙarfe biyu da 'yan mintoci aka sauko da farin bokiti mai murfi. Ya ɗauki takardar, yatsan ya yi hanyar da ya saba, ya janye shi. Ya karanta sunan tun daga farko har ƙarshe, sunan da shi ya rubuta mata a takardar shiga makaranta. Likitar madubi tana tsaye a bayansa.

"Sarki, kawo in yanka. Hannunka zai yi rawa."

"Ya yi ta yi. Ni na karɓi na farko."

Ya sa almakashi ya tsaga guntun hanjin a tsaye, ya wanke shi a famfo, ya shimfiɗa a allo ya kafe gefunan da allurai. Ya fara bin ninkin bangon ɗaya bayan ɗaya da bakin hantsaki. Ninki na farko babu komai. Na biyu, na uku, sumul. Ya kai ƙarshe bai ga komai ba. Gumi ya sauko masa cikin ido, ba halin sharewa. Ya jawo fitila kusa, ya sake farawa daga ɗaya bakin, yana ɗaga kowane ninki yana leƙa bayansa. A bayan na biyar ya ga ɗan farin wuri da ya tattare kamar bakin jaka, a gefensa wani ɗan ƙullutu da bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Ya matsa gefe, likitar ta sunkuya ta duba, ta daɗe, sannan ta dafa masa kafaɗa sau ɗaya ta fita. Ya ɗauki fensir ya zana shi kafin ya sa wuƙa.

Bayan kwana biyar gilasai suka tabbatar. Sauran tsiron ne, tudu biyu ya bayar shi ma, bai yi zurfi ba, kuma bakunan da aka yanka duka biyu tas suke. Ya hau ɗakin mata ya same ta a jingine da matashi, ta rame, leɓe ya bushe, tana harare-hararen ɗinkin labulen gadon.

"Nawa suka ɗiba?" ta ce.

"Inci tara. Da rulata na auna."

Ta buɗe yatsu a kan bargo ta gwada, taƙi ɗaya da ɗan ƙari. "Inci tara. Ko hannun riga bai isa ba." Ta rufe ido. "Ka ga naman gidanku ya zo har teburinka, shi ma ba ka kawo mana ba."

"Yi shiru kada ɗinkin ya warware."

"Na duba shi ai. Wanda ya yi shi ba zai ci abinci da ɗinki ba. Wandonka yana nan, sai na tashi."

A satin ne aka manna sanarwa a allon baranda, da tambari da komai, cewa sashen kyamara ya ɓullo da sabon tsari don inganta aiki, daga yau kowane tsiro da kwalbarsa. Ya tsaya ya karanta ta har ƙasa. Takardar gargaɗinsa tana nan a fayil, ba wanda ya tuna da ita. Ya yi tsaki ya wuce. Takarda ce, ya ga irinta da yawa sun yi ja a allon nan har iska ta ɗauke.

Likitan kyamara dai bai sake ba, kwalabensa uku-uku suke saukowa da rubutu a jiki, ko da yake in sun haɗu a baranda kowa bango yake kallo. Amma wata bai cika ba aka kawo wani sabon likita ya riƙa taya shi ranar Laraba. Larabar farko kwalba ta sauko, Sarkin Fawa ya ɗaga ta a haske, ya ga biyu suna yawo a ciki. Ya ɗauki takardar ya karanta sunan, wani mutum ne mai shekara hamsin da takwas, direba. Ya mayar da biro aljihu bai sa hannu ba, ya shafa gwiwarsa ta hagu, ya ɗauki kwalbar ya nufi matakala.